Kafin Ka Tsallaka Titi

Ɗana, zo ka zauna nan kusa da ni. Ba faɗa zan yi maka ba. Wayar nan ta hannunka alheri ce. Da ita kake duba karatu, da ita kake gaida kakarka. Ka ci gaba da riƙe abinka. Maganata a kan titi ce.

Ka san garinmu. Kontagora a bakin babbar hanya take, wadda ta taso daga Legas ta biyo Jebba da Mokwa, ta wuce Yawuri har Sakkwato. Ga hanyar Tegina, ga ta Rijau da Zuru. Dare da rana tireloli da tankokin mai suna ratsa mu, wasu da shanu da albasa za su kudu, wasu da fetur za su arewa. Direban da ya kwana yana tuƙi ba mugu ba ne, neman halalinsa yake yi. Amma ko ya hango ka, tirela mai kaya ba ta tsayawa inda aka taka mata birki. Sai ta ja gaba da nisa.

Tunda kai ɗan makaranta ne, bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Ka sunkuyar da kai sakan 3 kana karanta saƙon WhatsApp, ta ci mita 50. Wadda ka gani can nesa ta iso gabanka, kai ko amsa ba ka fara rubutawa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan da kuke toshe kunnuwa da shi. Ido gaba kawai yake gani. Kunne ne ke tsare maka baya. Shi ke jin hon ɗin ɗan acaba, shi ke jin wani bawan Allah yana ihun "kauce!" Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, in kiɗa ya cika kunnen fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wanda ya rayu ma yakan sha wuya. Akwai karayar da ke hana yaro zaman jarrabawar WAEC. Akwai buguwar kai da ke barin mutum ba kamar da ba. Uwa ta sayar da tumakinta, ta tare a asibiti wata da watanni tana jinya. Shi ma direban, ko ba laifinsa ba ne, abin ba zai bar zuciyarsa ba.

In babanka ya ba ka babur ka je aike kasuwa, waya ta shiga aljihu. Doka ta hana tuƙi ana waya, jami'an kiyaye haɗurra suna kamawa, amma ba tara nake jiye maka ba. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. In ta yi ƙara, ka ratse gefe, ka tsaya, ka amsa. Mai kiran zai jira. In kana bayan ɗan acaba ka ga yana latse-latse, ka ce masa cikin ladabi, "Malam, don Allah mu ɗan tsaya ka gama."

Ƙanwarka kuwa duk abin da ka yi shi take kwaikwaya. Gobe in za ka raka ta Islamiyya, ka cire abin kunnen tun daga zaure. Ka riƙe hannunta, ku duba hagu, ku duba dama, ku sake duba hagu. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka.