Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana yana aji huɗu, bai iya karatu ba

Wata mai sauraronmu daga Yakasai, cikin birnin Kano, tana tambaya: me ya sa ɗanta ya kai aji huɗu na firamare, amma ko sunansa ba ya iya karantawa?

To, Hajiya, sau da yawa matsalar tana cikin yadda ake koyarwa. Malam ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda, yara su amsa baki ɗaya har a jiyo su daga lungu. Na bayan aji yana motsa baki ne kawai, ya haddace sautin, bai san harafi ko ɗaya ba. Karatun kyauta kuma dole da jihar Kano ta ƙaddamar a 2019 ya ƙara cika azuzuwa, irin wannan yaro sai ya ɓace cikin taro.

Akwai dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, an kuma gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, a fara da Hausa.

Ki fara da irin wannan gwajin, Hajiya: ki je makarantar, ki roƙi malaminsa ya sa shi ya karanta layi biyu a gabanki, daga shafin da ba a taɓa biya masa ba.