Ɗaura Ƙwaron Fatsa da Gashin Zabo: Shawara ga Mai Koyo

Duk mai zuwa fatsa a dam ɗin Guzuguzu da ke Kabo, ko Kusalla da Challawa a ƙasar Karaye, ya san wahalar neman tana idan rani ya yi nisa. Ƙasa ta bushe, sai an yi ta tono a gindin randa ko bakin lambu kafin a sami 'yar kaɗan. Akwai dabarar da za ta rage maka wannan wahala: ka ɗaura wa ƙugiyarka zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya kawo bara. Dabarar tsohuwa ce. Tun wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubuci na Daular Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a jikin ƙugiya su kama kifi. Abin da suka yi amfani da shi yana nan a gidajenmu.

Kafin ka taɓa zare, je ka zauna bakin ruwa da sassafe ko gab da magariba, ka sa ido. Me ke faɗawa ruwan? Wane irin launi gare shi, kuma yaya girmansa? A farkon damina shinge ne ke cika wuri, da kaka kuma fara. Inda ka ga ruwa yana 'yan zobba, kifi ne ke tsintar ƙwari a sama. Kawara ta fi kowa wannan hali, karfasa ma takan taɓa, tarwaɗa kuwa ba ta cika ƙin abin da ya faɗo mata ba. Abin da ka gani da idonka shi za ka kwaikwaya.

Kayan aikin ba su da tsada. Nemi ƙugiya lamba 8 ko 10 wajen masu sayar da kayan su. Ka tuna, idan lamba ta hau, ƙugiya ƙanƙancewa take yi, mai koyo kuwa babba ta fi masa sauƙin riƙewa. Sai zaren ɗinki baƙi mai ƙarfi daga wurin tela, da guntun ulu baƙi ko ruwan ƙasa, da ƙaramin almakashi, da allura, da filaya, da jan farce marar launi ko Super Glue. Gashin kuma ka roƙa wajen masu figar kaji a kasuwar Gwarzo ko Getso: ƙananan gashin zabo masu ɗigo-ɗigo, da dogayen siraran nan na wuyan zakara. Wanke su da sabulu, ka shanya, ka adana a leda da ƙwayar kafur don kada ƙwari su cinye.

Ga yadda ake ɗaurin farko. Fara da matse 'yar ƙayar da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya har ta kwanta. Idan ƙugiyar ta soke ka a yatsa za ta fita ba tare da yanka ba, haka ma idan za ka saki ƙaramin kifi. Daga nan kama lanƙwasar ƙugiyar da filaya, ka ɗaure hannayen filayar tamau da robar tayar keke, ka danne ta da dutse a kan benci. Yanzu hannuwanka biyu sun sami 'yanci.

Ɗora zare a bayan idon ƙugiya, ka bar fili kamar milimita biyu. Naɗa shi a kan kansa sau biyar don ya kama, ka ci gaba da naɗi, zagaye kusa da zagaye, har inda ƙugiyar ta fara lanƙwasa. A nan ka ɗaure silin gashin zakara biyar ko shida su zama wutsiya. Ɗaure bakin ulu a wurin, ka mayar da zaren gaba, sannan ka naɗo ulun ya biyo shi, siriri a baya, da ɗan kauri a gaba. Danne shi da zare, ka yanke saura. Ɗauki gashin zabo ɗaya, riƙe tsininsa, ka shafo silin baya da yatsu, ka ɗaure tsinin a gaban ulu. Naɗa shi zagaye biyu kacal. Za ka ga silin sun buɗe sun kewaye ƙugiyar kamar ƙafafun ƙwaro, kuma motsinsu a cikin ruwa shi ke jawo kifi. Rufe da ɗan kai na zare, ƙulli uku, ɗigon jan farce ɗaya, sannan ka zura allura a idon don kada ya toshe.

Kurakurai uku ne ke kama mai koyo. Na farko cika kaya: ulu da yawa, gashi da yawa, har tsinin ya ɓuya, kifi ya kawo bara bai kamu ba. Na biyu cushe idon ƙugiya har zaren fatsa ya kasa shiga. Na uku sakin zare, wanda ke sa komai ya juye bayan jifa biyu. Maganinsu ɗaya ne: ka ɗaura irin wannan ƙwaro guda goma a jere kafin ka gwada wani. Sai hannunka ya faɗa sannan ka koma kan fara, wadda ake yanka jikinta daga soson tsohon silifa don ta yi iyo a sama, a yi mata ƙafafu da siririyar roba.

Ba sai ka sayi sandar Turawa mai na'urar naɗe zare ba. Masuntan tsaunukan Japan sun daɗe suna kama kifi da gora da zare da ƙwaro kawai. Sami gora siririya mai tsawon mita uku zuwa huɗu, da zaren fatsa daidai tsawonta. Idan ƙwaron ya yi rashin nauyi wajen jifa, ɗaura guntun totuwar kara kamu biyu sama da shi. Sauke shi a hankali kusa da ciyawar bakin ruwa, ka ɗan girgiza kan gorar, ka dakata, ka sake. Kada inuwarka ta faɗa inda kake jifa. Idan ruwan ya yi laka sosai bayan ruwan sama, koma wa tana, domin kifin da bai ga ƙwaro ba ba zai bi shi ba.

Wannan dabara ba za ta maye gurbin kalli ko birgi ga mai ciyar da iyali da su ba, amma ga mai fatsa tana da amfani ƙwarai. Ka gaida Sarkin Ruwa ko dattawan masuntan wurin, ka nemi izini, ka tambaye su inda ke da zurfi. Ka tsaya a gaɓa, domin tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta. Ƙananan kifi kuma a mayar da su su girma. Ɗan'uwa, nemi ƙugiya goma da gashin zabo a wannan makon, ka fara tun kafin shinge su fito.