Ɗigon Jini Daga Ɗan Yatsa: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Na san kin sha kai yaro asibiti da zazzaɓi, ko ke kanki kin je awon ciki, ma'aikaciya ta ce "miƙo hannu", ta tsira miki ɗan tsinken allura a yatsa ta ɗebi ɗigon jini. Wasu matan har yau gabansu na faɗuwa, wai za a ƙarar wa yaro da jini, ko wai ba a san inda ake kai shi ba. Ki kwantar da hankalinki, abin da ake ɗiba ɗigo kaɗan ne, ko ƙaramin cokali ba ya cikawa. Da shi ake gano zazzaɓin cizon sauro, da yawan suga, da ƙarancin jini ga mai juna biyu. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin gwaji kafin a ba da maganin maleriya, domin ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito.

Amma fa akwai inda ya kamata ki sa ido. Tsinken nan sau ɗaya tak ake amfani da shi. Ki tabbata a gabanki aka ɓare shi, kuma a gabanki aka jefa shi a akwatin zubar da allurai. Ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke yaɗuwa, don haka kunya ba ta da wuri a nan. In kin ga ba sabo ba ne, ki ce a sake, cikin ladabi. Haka ma a gida, in maigida na da na'urar gwajin suga, kada ku yi tarayya a tsinke ɗaya, ko da kuwa ke da shi ne.

Yatsan tsakiya ko mai bi masa ake zaɓa, a gefen kan yatsan. Ana gogewa da auduga mai sifirit, a bari ya bushe tukuna. Ba a matse yatsa da ƙarfi kamar ana tatsar lemo, domin ruwan jiki zai gauraya da jinin ya ɓata sakamako. In hannun ya yi sanyi, kamar lokacin hunturu, ki murza shi ya yi ɗumi. Kuma mai gwajin suga ta wanke hannu da sabulu, ta shanya. Wadda ta taɓa dabino ko mangwaro tana iya ganin suga ya yi sama, alhali zaƙin da ke kan yatsa ne na'urar ta karanta.

Jariri kuwa ba a yatsa ake tsira masa ba, don ƙashinsa na kusa da fata. A gefen diddige ake yi. Kada ki miƙa shi ki juya baya kina hawaye. Ki rungume shi ki ba shi nono a daidai lokacin, an tabbatar hakan na rage masa zafi. Bayan an gama ki danne wurin da busasshiyar auduga har jinin ya tsaya, ban da toka, ban da man zafi.

Saura tambayar da ake yawan yi mana in Ramadan ya matso. Malamai da dama sun bayyana cewa ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karya azumi, saboda haka mai ciwon suga kada ta bar gwajinta da rana. Wallahu a'alamu.