Amsoshin Tambayoyinku: Lissafin yaƙi idan mayaƙa sun saje da jama'a

Tambaya: Na ji an ce akwai lissafin da ake hasashen wanda zai ci yaƙi da shi. Yana aiki kuwa idan 'yan bindiga sun saje da farar hula? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai shi, Malam. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, shi ya fitar da shi a littafinsa na 1916. A ƙa'idarsa, idan runduna biyu suna ganin juna, kowa na saitin abokin gabarsa, ƙarfin runduna na tafiya ne da yawanta sau yawanta. Sojoji 1,000 in suka kara da 500 masu makami iri ɗaya, za su gama da su, kusan 866 na nan da ransu. A 1954 J. H. Engel ya gwada ƙa'idar da alƙaluman yaƙin tsibirin Iwo Jima, ta kuwa yi kusa da abin da ya faru. Sai dai tsibirin an kwashe mazaunansa tun kafin a fara faɗa.

To, nan gizo ke saƙa. Seymour Deitchman ya yi wa lissafin kwaskwarima a 1962 don yaƙin sunƙuru: ɗan tawaye na ganin soja, soja kuwa daji yake wa ruwan wuta, ko a dace ko a rasa. A 2009 Moshe Kress da Roberto Szechtman, a Amurka, suka sako farar hula cikin lissafin. A wurinsu ingancin bayanan sirri ne ke yanke ko kashi nawa na wutar zai sami mayaƙi. Ragowar kan jama'a take sauka, kuma kowace gawa tana iya tura dangin mamaci hannun 'yan tawaye. Abin da ya fito musu: ƙarfin soja kaɗai ba ya kawar da tawaye, iyakarsa ya danne shi.

Ni dai a ganina, raunin lissafin shi ne babu ma'aunin da zai faɗi mutum nawa fushi zai tura daji, ko nawa za su daina kai wa soja labari bayan kuskure irin na Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi a Disambar 2023. Wannan adadin ƙiyasta shi ake yi, kuma da an ɗan sauya shi sai amsar ta sauya gaba ɗaya.