Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Zan Fara Ƙera Na'urar Haɗa Kan Ma'aikata?

TAMBAYA: Ni matashi ne a Beli, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Na koyi haɗa wuta da sola, amma da sanyi ya shigo ina aiki a wurin mazarƙwaila na kawuna. Mukan kai mu goma: masu kawo rake, masu tura shi a inji, masu dahuwa da masu zubawa. Ƙarar inji ba ta barin wani ya ji wani. Sau da yawa mai matsa na ta matsa alhali ba a sauke kasko ba, ruwa ya taru ya fara tsami. Wani lokaci kuma wuta na ci a banza babu ruwan. Daga nan sai cacar baki. Ina so in ƙera wata 'yar na'ura mai fitilu da ƙararrawa da za ta daidaita mu. Ta ina zan fara, kuma yaya zan hana a sace mini fasaha?

AMSA: Tambayarka ta faranta mini rai, domin matsalar da kake son warwarewa ka gan ta da idonka, kana kuma cikin waɗanda take ci wa tuwo a ƙwarya. Shawarata ta farko: kar ka je kasuwa tukuna. Bar kuɗinka a aljihu.

Nemi izinin kawunka, ka ɗauki 'yan kwanaki kana kallon aikin kamar baƙo. Lura da inda idon mai matsa yake a yawancin lokaci, da abin da ke hannun mai dahuwa a daidai lokacin da yake buƙatar ƙarin ruwa, da inda hayaƙi ke bi da safe da inda yake komawa da yamma. Sannan ka zauna da wanda ya fi daɗewa a bakin murhu ka tambaye shi yadda yake gane kasko ya kusa sauka, domin shi ne zai ba da sanarwa, kuma tana da amfani ne kawai idan ta zo kafin a buƙaci ruwan. Ina kyautata zaton za ka tarar saƙonnin da ke yawo a wurin ba su wuce uku ba: "ƙaro", "dakata", da "kashe inji". Na'urar da za ta isar da waɗannan ukun ba tare da kuskure ba ta gama aikinta. Duk abin da ka ƙara a kai wani abu ne da zai lalace.

Samfurinka na farko kuwa kada ya kasance da waya ko ɗaya. Kafa gora doguwa a inda mai matsa zai hanga ba tare da ya juya ba, ka ɗaura ƙyalle biyu masu launi daban, ka ja igiya zuwa wurin dahuwa. Mai dahuwa ya ja, ƙyalle ya tashi. Wataƙila ka ga kamar na rage maka daraja, kai da ka iya haɗa sola. To haka manyan maƙera ke yi. Jeff Hawkins, Ba'amurken da ya fito da 'yar kwamfutar aljihu mai suna PalmPilot a 1996, guntun katako ya fara sassaƙawa daidai girman abin da yake tunani. Ya riƙa yawo da shi a aljihun riga, idan ana maganar wata ganawa sai ya zaro shi ya yi kamar yana rubutawa. Yana so ya gane ko shi kansa zai yarda ya ɗauki abin kullum, kafin a kashe kuɗi a kan abin da zai shiga cikinsa. Gora da ƙyallenka za su gaya maka ko mai dahuwa zai tuna ya ja, ko mai matsa zai ɗaga kai ya duba, ko igiyar za ta riƙa harɗe masu dakon rake. Idan ya zamana an yi kuskuren wuri, cire gora a mayar da ita gefe ba ya cin ko kwabo.

Akwai wani gwaji da ya fi waɗannan nauyi, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. A masana'antun motoci na Toyota a Japan akwai igiya da ke bin layin aiki, ana kiran tsarin andon. Duk ma'aikacin da ya ga matsala zai ja ta, allo ya haska ya nuna wurinsa, shugaban rukuni ya taho da sauri. Idan ba a shawo kan abin ba, layin ya tsaya. Tushen tunanin ya faro ne daga masaƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924, wadda ke tsayawa da kanta da zarar zare ya tsinke, don kada ta ci gaba da saƙa ɓataccen yadi. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ɓata aiki da rigima tsakanin ma'aikata da shugabanni. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka mai da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka ba su wannan igiya. Cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin General Motors. Igiya dai kowa na iya ratayawa. Abin da ya canza shi ne wanda ya ja ta an daina yi masa tsawa, taimako ake kawo masa.

Kai ka san yadda muke. Yaron da ke tura itace ba zai iya duban sa'an mahaifinsa ya ce masa dakata ba, ko da ya ga ganga ta cika tana zuba. Kunya ce da tarbiyya, kuma ba abin yarwa ba ne. Amfanin na'urarka a nan yake: tana ba ƙarami hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya ɗaga wa babba murya ba. Amma hakan ba zai yiwu ba sai kawunka ya tara kowa, ya faɗa da bakinsa cewa kowa na da ikon ja, kuma wanda ya ja bisa kuskure ba za a ci masa mutunci ba. Idan a makon farko aka kunyata yaro ɗaya a kan haka, shi ke nan, gorar za ta zama abin shanya riga. Ka kuma guji sa wa na'urar abin ƙirga wa ya yi jinkiri sau nawa. Ranar da abokan aikinka suka ɗauke ta a matsayin 'yar leƙen asirin maigida, ranar waya za ta fara tsinkewa ba a san wanda ya tsinka ba.

Idan ƙyalle ya yi mako biyu ana amfani da shi ba tare da kana tunatarwa ba, to lokacin wuta ya yi, musamman don aikin asuba da na bayan magariba. Batirin babur mai bolt 12, da fitilun sigina na babur, da hon ɗinsa sun ishe ka, kuma duk bakaniken da ke Rogo ko Karaye yana da su. Wannan ya fi ka sayo wani ƙaramin allon lantarki wanda in ya ƙone sai an je kasuwar Sabon Gari a Kano. Kar ka sa maɓallin da ake dannawa da yatsa, domin hannun mai dahuwa kullum a cike yake, kuma ruwan rake mai danƙo zai shiga ya liƙe shi, tururuwa su biyo. Yi abin takawa da ƙafa, ka ɓoye mahaɗin a cikin gwangwani nesa da murhu. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin akwai mazan da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma hayaƙi na dushe launi. Sa ɗaya fitilar a sama, ɗaya a ƙasa. Sannan ka tsara ta yadda fitilar "ƙaro" a kunne na nufin "ci gaba da matsa", mutuwarta kuma na nufin "dakata". Ta haka ko batir ya mutu ko waya ta tsinke, kuskuren zai faɗa ɓangaren da babu asara mai yawa. Ƙyallen ma ka bar shi, da rana tsaka ya fi fitila fitowa.

Saƙo na uku, kashe inji, maganar rai da gaɓa ce, don haka ka ware shi daban. Injin matsa na cin hannu. Igiyar kashewa ta ratsa inda mai tura rake zai kai gare ta da ɗaya hannun ko da gwiwa, ta kuma tafi kai tsaye ga abin da ke kashe injin: mai gas a tsinke masa mai, mai fetur a kashe masa wuta. Ka sani ko an kashe, nauyin ƙafar injin zai sa ya ɗan ci gaba da juyawa. Saboda haka kafin komai, kai wa mai walda ya yi wa bakin matsar mazurari mai tsawon da rake zai shiga amma hannu ba zai kai ga ƙarfe ba, ya kuma rufe bel. Ku gwada igiyar kowace safiya kafin a fara.

Game da satar fasaha, zan gaya maka gaskiya. A Najeriya ana rajistar sabuwar ƙirƙira a Abuja, dokar 1970 kuma ta ba mai rajista kariyar shekara 20, da sharaɗin abin sabo ne da ba a riga an bayyana shi ga jama'a ba. Igiya da fitila da hon ba za su cika wannan sharaɗi ba, don haka kar ka ɓata kuɗinka. Dubi marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. Bai ɓoye ba. Maginan ƙauyuka ya ba aikin, ya raba tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa, a shekarar 2000 kuma ya sami lambar yabo ta Rolex. Kai ma jarinka shi ne ka san aikin mazarƙwaila daga ciki, ka san inda za a kafa gora a kowane wuri, kuma kana kusa idan abu ya lalace. Tanadi littafi ka riƙa rubuta kowane gwaji da ranarsa da abin da ya ƙi, ka ɗauki hotuna. Idan kakar bana ta ƙare na'urar na aiki, ɗauki littafin ka je Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ka nemi masu aikin injinan noma su duba maka mazurarin da igiyar kashewa, kafin ka kafa wa masu rake na wajen Maƙarfi da Ɗanja.