Daga Bici Zuwa Fadamun Haɗeja da Nguru

Mutumin Bici ya saba da ƙasar da kowane taku nata yake da mai shi. Gona na manne da gona, kuma idan ka ɗaga kai hayaƙin wani ƙauye za ka hango. Shi ya sa nake ba duk wanda ya samu sarari bayan an kai amfanin gona gida shawarar ya nufi gabas, ya ga fadamun Haɗeja da Nguru, inda ruwa ke shimfiɗe iya ganin ido. Ruwan nan ma ba baƙonmu ba ne. Wani ɓangare na ruwan saman da ke sauka a yankinmu Watari yake gangarawa, Watari ya zuba a Calawa, Calawa ta haɗu da Kogin Kano kafin Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta kwanta, kogin ya rarrabu tsakanin tuddan yashi, ya sadu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe a wajajen Gashuwa, su nufi Tafkin Cadi.

Abu na farko shi ne lokaci, kuma a nan mutane da yawa ke yin asarar tafiyarsu. Kada ka je da damina. A watannin Agusta da Satumba ruwa ke kaiwa maƙura, hanyoyin ƙauye su yanke, mutane su shagala da ceton gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Ka bari sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ruwa ya fara ja da baya, an shiga yankan shinkafa da kamun kifi, tsuntsayen Turai da suka gudo wa sanyin ƙasashensu kuma sun tsallako Sahara sun sauka. Da zafin bazara ya kama, yawancinsu sun juya gida.

Daga Bici ka shigo Kano da sassafe ka hau motar Haɗeja, ko ta Ringim da Gujungu, ko ta Gumel da Malam Madori. Ka kwana a Haɗeja. Wanda ya ce zai je ya dawo a yini ɗaya, kwalta kawai zai gano.

Wurare uku aka fi zuwa. Mafi kusa shi ne Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, dajin fadama mai cike da gabaruwa da goruba da tafkuna, wanda aka sa a jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Sai Tafkin Nguru da mashigin Marma a jihohin Yobe da Jigawa, wanda ya riga shiga wannan jeri tun 2000. Nguru gari ne na kasuwa, nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya, kuma ba a rasa masauki. Na ukun shi ne Dagona, a ƙasar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarci wurin a 1989. Idan kwana biyu kawai gare ka, ni dai Baturiya zan ce ka tsaya, ka gan ta sosai, maimakon ka yi ta tsere a mota kana taɓa ko'ina sama-sama. Dagona kuwa a killace take, sai ka fara neman izinin ma'aikatan gandun, su haɗa ka da mai rakiya.

Kallon tsuntsu aikin asuba ne. Ka yi sallah ka fita, ka isa bakin ruwa kafin rana ta ɗaga, da rigar sanyi, domin iskar hunturu a kan ruwa ta fi wadda ka sani a gida cizo. Kada ka sa fararen kaya, kada ka ɗaga murya, ka kashe ƙarar waya. Ka samu gindin itace ka zauna. Da farko za ka ɗauka babu komai sai ciyawa. Can sai ka ji fiton kirinjijiya, garke guda sun taso suna kewaya tafki. Ga dinya da girmanta, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran kifi, ga balbela a bayan shanun Fulani. Idan kana da rabo ka ga gauraka, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa, har yara da yawa a yau sunanta kawai suka sani. A cikinsu kuma akwai baƙin: agwagin ruwa ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke kiwo dubbai a gonakin shinkafar da aka yanke. Wasunsu a arewacin Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su. Duk lokacin da na tuna cewa tsuntsun da bai fi tafin hannu biyu ba ya ratso teku da hamada ya sauka a gonar wani Bamange, sai in yi tasbihi. Idan za ka iya aron madubin hangen nesa, ka ara, domin kyamarar waya ba ta kamo abin da ke tsakiyar tafki.

Bayan hantsi sai ka shiga kwalekwale, kuma a nan ba na sassautawa. Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Ɓagwai. Allah ya jiƙansu. Kada ka hau jirgin da aka cika maƙil, ko da mai shi ya rantse maka ya saba. Ka nemi rigar ruwa, musamman ga yara. Kada ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto, kada kuma magariba ta same ka a kan ruwa. Wanka a tafki ma ka haƙura da shi, saboda tsargiya. Ka tafi da ruwan shanka da gidan sauro.

Daga cikin jirgin za ka ga wata doguwar ciyawa ta fi mutum tsayi, ta toshe mashigai. Kacala ke nan, kuma ina so ka tambayi mai tuƙa ka labarinta, ka saurara da kyau. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin cika yake da damina ya bushe da rani. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara, mashigai ba sa bushewa, kacala ta samu wurin zama. Tana tare laka, hanyar ruwa ta cushe, sai ruwan ya karkata ta Marma ya mamaye gonakin wasu, wasu kuma a can gaba su wayi gari babu ko ɗigo. A cikin kacalar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana, su fito su cinye shinkafa da gero. Mu da muke cin moriyar noman rani a sama, muna ɗiban tumatir da albasa, ya kamata mu ga da idonmu abin da riƙe ruwa ya jawo wa na ƙasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar.

Wurin ba fili ne da babu mai shi ba. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suna rayuwa a kansa, kowane tafki da ƙa'idarsa. Idan ka sauka a ƙauye ka fara gaida mai gari ko bulama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka taɓa koma ko gura da ka gani a ruwa, kada ka ɗauki hoton mata ba izini, kada ka zo da danƙo ko bindiga, kada ka sayi tsuntsun da aka kama. Ka yi ciniki da mai jirgi kafin ku tashi, ka kuma biya shi da daraja, yininsa na su ya bari dominka. Idan tafiyarka ta dace da bikin kamun kifi na masarautar Bade a Gogaram, ka tsaya ka kalla. Da rani ake yin sa, sai ka tambayi ranar tun kana Nguru ko Gashuwa. Haka nan ka tambayi direbobi a tasha halin da hanya take ciki kafin ka wuce Haɗeja, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Tsaraba kuwa ba ta da wuya. A kasuwar kifi ta Haɗeja za ka samu bandar tarwaɗa da karfasa da bargi. Ka karya ɗaya ka duba cikinta, ka tabbata ta bushe kuma ƙwari ba su shiga ba. Ka ƙara da goruba don yara, da tabarmar kaba. Kifin ka naɗe shi da takarda a kwali, kada ka ƙulle shi a leda, in ba haka ba zai yi gumi ya lalace kafin ka iso Kano.