Farar ƙurar da ke busar da ƙwaron wake

Wake da ƙwaronsa tare suke barin gona. Tun kafin roro ƙwaron ya dasa ƙwai a jikin kwanso, kuma idan an sussuke an zuba a buhu sai 'ya'yansa su ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya ɗauki ƙwayar wake wata biyu bayan kaka ya kai ta kusa da ido zai ga wasu 'yan ɗige-ɗige farare manne da ita. Ƙwai ne. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ta shige ciki, ta ci ta ƙoshi, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta wata 'yar ƙofa kewayayya. Kafin bazara ta yi nisa, buhun da aka ɗaure da nauyi ya koma gari da wari.

Abin da ke tilasta wa manomin Sae Sabuwa ta jihar Maraɗi sayar da wakensa da kaka ke nan, lokacin da tiya ba ta da daraja. Wanda ya ƙi sayarwa kuma yakan nufi mai tebur a kasuwa ya sayo fiya-fiya ko ƙwayar bom, ya zuba ba awo. Waken jihar Maraɗi da yawa ta Ɗan Isa da Jibiya yake bi ya sauka Dawanau a Kano, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar diklobos da aka samu a cikinsa, wato gubar da ke cikin fiya-fiya. Wanda Turawa suka ƙi, a tukunyar wani ya ƙare.

Malamin gonar da ya rubuta wannan yana zagaya garuruwan Gidan Rumji da Agye da Gazawa kan sha'anin ajiyar amfanin gona, kuma akwai wani ɗan kwalin farar hoda da yake shiga taro da shi. Idan aka murza ta tsakanin yatsu ta fi garin alkama laushi, ba wari, ba nauyi, sai dai ta bar yatsun a bushe ƙamas. Sunanta ƙasar diyatom. Tsofaffi kan karɓa su shinshina su ce, "Malam, wannan ai farar ƙasa ce." Yakan amsa, "Baba, kama ce kawai. Waccan laka ce, wannan kuwa ɓawon wasu halittun ruwa ne."

Diyatom tsiro ne na cikin ruwa mai ƙwayar halitta ɗaya, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Yana gina wa kansa ɓawo da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Idan ya mutu ɓawon ya nutse ƙasan tafki, wani ya hau kan wani shekaru dubbai, har ruwan ya janye ya bar farin dutse mai taushi wanda kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa silika ne, duk jikinsa ƙananan ramuka. Ramukan nan su ne amfaninsa. Da shi masana'antu ke tace man girki da ruwan sukari da ruwan sha, ana sa shi a fenti da bulon da ke jure wutar tanderu. Alfred Nobel da shi ya shanye ruwan naitrogilisarin mai fashewa da an taɓa shi, ya samu nakiyar da ya yi wa rajista a 1867. Amurka ce kan gaba wajen haƙarsa, musamman a Lompoc ta jihar Kalifoniya. Kenya na haƙa a Kariandusi, akwai shi a Bularafa ta jihar Yobe, akwai kuma shimfiɗunsa a wajajen Bilma da Fashi.

Mutanen Maraɗi ma sun daɗe suna shaƙarsa ba su sani ba. A arewacin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, gindin tsohon Tafkin Cadi ne na shekaru kusan 7,000 da suka wuce, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasar wurin, kuma kaso mai yawa na hazon hunturu daga can yake. Wata ƙurar har ta haye teku: binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon duk shekara, ɗauke da fosforas tan 22,000. Kada dai wani ya share ƙurar taga ya zuba a wake. Ta gauraye da yashi da laka.

Yadda ƙasar diyatom ke kashe ƙwaro shi ne abin da ya kamata a riƙe. Jikin ƙwaro akwai wani siririn maiƙo da ke hana ruwan jikinsa fita. Idan ya ratsa cikin hodar sai ta manne masa, ta kankare maiƙon ta shanye shi, cikin 'yan kwanaki ya bushe ya mutu. Babu guba a ciki, kuma muddin ba ta jiƙe ba ba ta tsufa. Gwaje-gwajen da aka yi a rumbunan manoman Zimbabuwe a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna giram ɗaya a kilo ɗaya ya tsare masara da wake har wata takwas. Giram 100 ke nan a buhu mai kilo 100. Iyaye mata da ke cakuɗa irin wake da toka ko lallausan yashi a tulu sun san rabin wannan ilimi, sai dai toka sai an zuba kwatankwacin yawan waken kafin ta yi aiki.

Tana da iyakarta. Tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwaya ba ta kai mata, sai ranar da ta fito. Laima na kashe mata ƙarfi, don haka waken da bai yi ƙas a haƙori ba ba a zuba masa. Kuma iri biyu ce: ɗanya, wadda ake sa wa hatsi, da wadda aka gasa a tanderu don tace ruwan wuraren ninƙaya. Gasasshiyar ba ta kashe ƙwaro sosai, ƙurarta kuma na illata huhu. Ko ɗanyar ma, mai cakuɗawa ya rufe hanci da baki, ya yi a fili, yara su ba da wuri, sannan a wanke waken kafin a ɗora.

Wasu kan ce tunda daga ƙasa aka haƙo ta ai ba komai ko an sha. Kanwa ma daga ƙasa take, ga ta a tuwo da tukunyar wake da turken dabbobi, amma a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Fosfat ɗin Tawa kuwa, wanda jigawar Maraɗi ke yunwarsa, ba ya narkewa da wuri; wanda ya watsa shi tsurarsa iska ta kwashe, wanda ya cakuɗa shi da takin gida ya ga amfaninsa a damina ta biyu. Kowane ma'adini da sharaɗinsa.

A ra'ayin malamin, mai buhuna da yawa da zai jira farashi ya tashi ba shi da kamar buhu mai ninki uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Maraɗi. Leda biyu a cikin buhun saƙa, kowace a matse iska a ɗaure dabam, ƙwaro ya shanye iskar da ta rage ya mutu. Matsalarsa ɗaya: ba ya son buɗe-buɗe, ɓera kuma idan ya huda shi an koma gidan jiya. A nan ƙasar diyatom ke da gurbi, wajen waken cefane da uwargida ke ɗiba kullum daga tulu, da 'yan tiyoyin irin da aka ware. Har yanzu baƙuwa ce a shagunan kayan gona na yankin, saboda haka wanda aka kawo wa farar hoda a leda ba suna ba rubutu, ya kai wa malamin gona na kusa ya duba kafin ta taɓa abincin gidansa.